Ludayi da Alƙalami: Awo da Alama a Girkin Gida



Shugabar wannan zama, iyayena mata da ke sahun gaba, malamai abokan aiki, 'ya'yana ɗalibai, da 'yan'uwa maza da nake hange sun raɓe can baya kusa da ƙofa.

An ce in yi magana a kan girkin gida, da gashi, da kayan zaƙi. Fage ne mai faɗi, in na ce zan zagaye shi duka sai a kira magariba ban fita daga babin miya ba. Saboda haka zan tsaya a kan abu guda, wato yadda muke miƙa wa na bayanmu wannan ilimi. Sauran batutuwan, da masa da alkaki da kek, za su shigo ne a matsayin shaidu.

Ku je ku sami duk wata gwanar tuwo a unguwarku ku tambaye ta, "Inna, gari nawa kike zubawa?" Za ta ce, "Daidai misali." Kanwa fa? "'Yar kaɗan." Minti nawa zai yi a wuta? "Har sai ya yi." Kada ku ɗauka rowa take yi muku. Gaskiya ta faɗa, domin ma'auninta yana tafin hannunta, da idonta, da hancinta, kuma shekara arba'in ta yi tana daidaita shi. Matsalar ita ce yarinyar da ta yi tambayar ba ta da shekara arba'in ɗin. A da tana da su. Tun tana 'yar shekara bakwai take gindin murhu, tana iza wuta, tana riƙe tukunya ana tuƙi, har ranar da za a kai ta ɗaki. Yau tana makarantar kwana, daga nan ta wuce jami'a, daga nan aure ya ɗauke ta zuwa Abuja ko Fatakwal. Alheri ne wannan, ba na kuka da shi. Sai dai hanyar da ilimin girki yake bi ya isa gare ta ta tsinke, mu kuma ba mu yi wata ba.

Wasu al'ummu sun daɗe da yin tasu. A Bagadaza, tun ƙarni na 10, Ibn Sayyar al-Warraq ya tattara girke-girke sama da 600 a littafinsa Kitab al-Tabikh, na fada da na gida, har da burodi da alewa. A Amurka wata malamar girki, Fannie Farmer, ta fitar da littafinta a birnin Boston a 1896, ta nace cewa in an ce cokali ɗaya to a share kansa da wuƙa ya zama daidai baki, kada wata ta yi tozo wata ta yi rabi. Mu kuwa malamanmu sun rubuta fiƙihu, sun rubuta tarihi da waƙa da magani, da ajami da boko, amma girki mafi yawansa a baki ya zauna, wataƙila don ana ganin sha'anin cikin gida ne da bai kai a ɓata masa tawada ba. Sakamakon haka, duk tsohuwar da ta rasu a gidajenmu tana tafiya da wani abu da ba mai iya maimaita shi.

To, in za a rubuta, da wane ma'auni? Nan ma akwai aiki. Mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, tiya ma haka, kuma ko a kasuwa ɗaya kwanon mai saye da na mai sayarwa sukan sha bamban. Abin da ya fi tsayawa a wuri ɗaya a kicin ɗinmu shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, wanda yake ɗaukar kusan kashi biyu bisa uku na kofin awo. Kofin awo kuwa, irin wanda littattafan girki suke nufi, mililita 240 ne. Fulawa cikinsa tana kai wajen giram 125, sukari kuma giram 200. Ku lura da wannan bambancin, kofi ɗaya ne amma nauyi ya sha bamban, shi ya sa wadda take son abinta ya fito iri ɗaya kullum ba ta da abokin da ya wuce ƙaramin sikelin kicin. Kuɗinsa bai kai na atamfa ɗaya ba.

Amma awo kaɗai ba ya yin girki, kuma a nan ne nake rabuwa da masu ganin cewa in an rubuta giram da minti an gama. Abin da inna take nufi da "har sai ya yi" alama ce take jira. Wannan alamar ita ce rabin ilimin, ita ce kuma ta fi saurin ɓacewa. Bari mu ɗauki tuwo. Ana iya rubuta cewa a tafasa ruwa, a dama wani kashi na garin da ruwan sanyi a yi talge, a bari ya dahu, sannan a riƙa barbaɗa sauran garin ana tuƙawa da muciya, a rufe ya turara, a kwashe da mara. Duk daidai ne. Amma yaushe talge ya dahu? Sai ya daina warin ɗanyen gari, ya yi kauri yana ɓulɓula yana fantsama, har mai girki ta ja da baya. Wadda ta yi gaggawar tuƙi kafin wannan, tuwonta zai yi gari-gari a baki, kuma ba zai kwana lafiya ba, da safe ɗumame ya saki ruwa. In ba a rubuta wannan alamar ba, takardar ba ta koyar da komai ba.

Haka miyar kuka. Kayanta kowa ya sani: albasa, daddawa, barkono, citta, nama ko busasshen kifi, da ɗan man shanu a ƙarshe ga mai hali. Inda ake faɗuwa shi ne wajen kaɗi. Sai ruwan miyar ya dahu sosai, daddawa ta narke ta daina warin ɗanye, sannan a rage wuta, a riƙa barbaɗa kukar kaɗan-kaɗan da hannu ɗaya, ɗayan yana juya maburgi. Wadda ta juye ta gaba ɗaya a ruwa mai tafarfasa za ta sha gudaji. Bayan kaɗi kuma mintuna kaɗan suka rage, ba a barin ta ta yi ta dahuwa har ta yi baƙi.

Tunda na ambaci daddawa, ku ba ni dama in ɗan ratse. Ba ni da faɗa da dunƙulen Maggi da 'yan'uwansa, ni ma akwai su a kicin ɗina. Abin da yake damuna shi ne yadda miyar kuka da ta kuɓewa da ta taushe duk suka koma ɗanɗano ɗaya a gidaje da yawa, saboda kowace an jefa mata dunƙule huɗu da kori da tayim. Daddawar kalwa aiki ce ta gwanaye. A dafa 'ya'yan ɗorawa sa'o'i masu yawa, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana biyu zuwa uku har ƙwayoyin halitta masu amfani su narkar da furotin ɗin da ke ciki. Wannan narkewar ce take fitar da ɗanɗanon nan mai kama baki, irin wanda kamfani yake sayar mana a takarda. Ga shi kuma rabin dunƙule ko fiye gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, a haɗa da wanda ke cikin dunƙule da burodi da komai. Mai hawan jini a gida ta san abin da nake nufi.

Yanzu mu zo kan masa, wadda wasunmu suke kira waina, domin a nan ne za ku ga zurfin abin da kakanninmu suka sani. Ga awon da nake koyarwa. Shinkafar tuwo kofi 4. A ware rabin kofi a dafa shi ya yi luguf, a bar shi ya huce. Sauran a wanke a jiƙa sa'a 6 zuwa 8, ko a bar shi ya kwana, a kai markaɗe da albasa ɗaya, kada a cika ruwa. A zuba dafaffiyar a cikin ƙullun a dama, a sa yis babban cokali ɗaya da sukari babban cokali biyu, a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi.

Me ya sa ake dafa wani kashi? Saboda shinkafa ba ta da danƙon nan da alkama take da shi, wanda yake riƙe iska a cikin burodi. In ƙullun ɗanye ne zalla, iskar da yis yake fitarwa za ta tsere, masa ta fito a daskare. Dafaffiyar shinkafar ita take ba ƙullu yauƙin da zai kama iskar. Ba wanda ya karanta wa kakanninmu wannan a aji, gwaji ne ya kai su, amma daidai yake da abin da masana kimiyyar abinci suke faɗa.

Sa'a nawa ƙullu zai yi kafin ya tashi? A nan ne minti yake yaudara. Yis abu ne mai rai, ɗumi yake so. A watan Afrilu, lokacin bazara, sa'a 4 na iya isa. A hunturun Disamba da Janairu sai ya kwana, har ma a lulluɓe robar da bargo ko a kai ta kusa da murhu. Wadda kuma ta ce bari ta taimaka masa da ruwan zafi ta kashe shi, domin ba ya rayuwa in zafi ya kai wajen digiri 60. Ruwa mai ɗumin da yatsa zai jure shi ake so. Alamar tashi kuwa uku ce ke zuwa tare: ƙullu ya ƙaru a robar, samansa ya yi ƙananan idanu, ya kuma yi ƙanshin tsami mai daɗi. Sai a sa gishiri, a sa ɗan ruwan kanwa, a juya, a ɗora tanda. A zuba mai kaɗan a kowane gurbi, a bari ya yi zafi, a zuba ƙullu kada ya cika. In gefen ya ƙafe ya fara ja, tsakiya ta yi huji-huji, lokacin juyawa ya yi. Mutanen Bauchi, da suka yi suna a wannan fanni, za su ce akwai abin da na rage, kuma na yarda. Su rubuta nasu mu karanta.

Wannan ruwan kanwar da ake sawa a ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Kanwa tana kashe tsami, kuma a yayin da take kashe shi iska take fita, ita ce take ƙara wa masa laushi. A 1843 wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham na Ingila, Alfred Bird, ya haɗa soda da wani busasshen tsami ya yi garin da muke kira bekin foda, saboda matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis. Aikin da garin nasa yake yi a cikin kek shi ne aikin da kanwa take yi a cikin ƙullu mai tsami. Kanwar da fatake suke kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga tana yi mana wasu ayyukan ma. Tana sa wake ya yi saurin dahuwa, tana ƙara wa kuɓewa yauƙi, tana haɗe ɗanwake da kuka ya yi santsi.

Amma fa ita ce abin da ya fi buƙatar awo a duk kicin ɗin Bahaushiya, kuma ita ce aka fi bari a "'yar kaɗan". In ta yi yawa abinci ya yi ɗaci da warin sabulu, launinsa ya juya, ta kuma lalata wani ɓangare na sinadarin bitamin B da ke cikin hatsi da wake. Akwai abin da ya fi wannan. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, domin kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Iyayena, ban ce a daina kula da mai jego ba. Na ce a rage kanwar, kuma in ƙafafunta sun kumbura ko numfashi yana yi mata wuya a kai ta asibiti ranar. Shawarata ga mai rubuta girki ita ce ta jiƙa kanwa mai nauyi sananne a ruwa mai awo sananne, ta tace, ta ajiye a kwalba, sannan ta riƙa cewa "cokali kaza na wannan ruwan". Ta haka ne kawai 'yarta za ta san abin da ake nufi.

Bari mu shiga kayan zaƙi. Akwai masu cewa Bahaushe bai san kayan zaƙi ba sai da kek ya zo. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin an sauke gara ba. Alkaki, nakiya, dubulan, ga kuma na yara da na kasuwa, kantun riɗi, gullisuwa, tuwon madara, alewa iri-iri. Kafin farin sukari ya wadata akwai zuma, akwai mazarƙwaila da ake dafawa daga ruwan rake, wadda har gobe ƙasar Maƙarfi take alfahari da ita. Bambancinmu da Turawa shi ne mu ba ma cin zaƙi a ƙarshen kowane abinci. Namu na biki ne, da suna, da Sallah, da tarbar baƙo. Ni a ganina wannan tsarin ya fi lafiya, kuma da mun riƙe shi da ciwon sukari bai yi mana irin wannan shigar ba.

Alkaki shi ne sarkinsu, shi ne kuma ya fi ba 'yan zamani wuya. Ɓarzajjiyar alkama ake so, mai ɗan tsaki-tsaki, kofi 4. A zuba man gyaɗa rabin kofi a murza da tafin hannu har kowace ƙwaya ta sha mai. Alamarsa ita ce in kin dunƙula a hannu ya tsaya, in kin taɓa ya warware. Sai a kwaɓa da nono mai tsami kofi ɗaya, ko yis ga mai sauri, da ɗan ruwa, kwaɓi mai tauri. A rufe ya kwana. Da safe a yayyafa ruwan kanwa a murza sosai har ya haɗe yana miƙewa ba ya tsinkewa, a mulmula shi siriri a naɗe. Wajen suya ne ake gane mai haƙuri. Wuta kaɗan ake so, domin in mai ya yi zafi da yawa bayan zai yi ja cikin yana ɗanye, kwana uku ya yi funfuna. Alkakin da ya soyu har ciki yakan yi sauƙi a hannu, kumfar man da ke kewaye da shi kuma ta ragu, alamar ruwan jikinsa ya fita.

Sai ruwan sukari: sukari kofi 2, ruwa kofi 1, da ruwan tsamiya ko na lemon tsami babban cokali biyu. Yara sukan tambaye ni amfanin tsamiya a cikin abin zaƙi. In aka dafa sukari shi kaɗai, da ya huce sai ya koma ƙanƙara, alkaki ya yi fari-fari yana zubar da gari. Tsamin yana farfasa wani kashi na sukarin ya hana shi sake daskarewa, shi ya sa alkakin gwana yake sheƙi yana danƙo har ya ƙare. Alamar dahuwarsa, a ɗiga kaɗan a faranti ya ɗan huce, a taɓa da babban yatsa da manuni, in an buɗe su ya ja zare ɗaya siriri, to a sauke. A tsoma alkakin yana da ɗumi, a bar shi ya sha, a tsame a rariya.

Nakiya ba zan daɗe a kanta ba, don aikinta na turmi ne da ƙarfin dantse. A jiƙa shinkafa a daka ta yi gari, a soya garin sama-sama a busasshen kasko har ya yi ƙanshi, a haɗa da citta da kanumfari da masoro, a kirɓa da zuma ko dafaffen sukari da man shanu har ta haɗe. Tana yin watanni ba ta lalace ba, alhali ba firji. Dalili shi ne suya ta kori ruwan, sukari ya kame ɗan abin da ya rage, ƙwayoyin da suke ruɓar da abinci kuwa ba sa rayuwa sai da ruwa. Matan da suka tsara kayan gara sun san amarya za ta yi ta baƙi har wata da watanni, suka zaɓi abin da zai jira.

Gashi ma ba baƙonmu ba ne. Gurasa ta daɗe a Kano, tun zamanin da Larabawa suke zuwa fatauci suna zama a birni, kuma har yau ana manna ta a jikin tanderu a unguwanni irin su Jakara, a ci da miya ko a yi bandashe da ƙuli-ƙuli da yaji. Alkama kuma ana noma ta da rani a ƙasar Hausa, noman ya ƙara faɗi a Kadawa da Kura bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Abin da ya zo daga baya shi ne kek da biskit da dangoginsu, su kuma suna da wata doka da ta bambanta su da miya. Miya ana ɗanɗanawa a gyara, in gishiri bai ji ba a ƙara, in ta yi kauri a sa ruwa. Kek kuwa kamar wasiƙa yake, in kin rufe ambulan kin aika ba sauran gyara. Don haka a nan awo ba shi da madadi.

Ga mafi sauƙin kek, wanda duk sauran suke fitowa daga gare shi: bota, sukari, ƙwai da fulawa, kowanne nauyi ɗaya. A ce giram 250 kowanne, ƙwai zai kama 5 matsakaita, sai bekin foda ƙaramin cokali 2 da ɗan filebo. A buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, wannan bugun ne yake cusa iska, kuma shi ne inda masu gajen haƙuri suke tsayawa da wuri. A sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana bugawa. Da fulawa ta shiga kuwa, bugu ya ƙare, a juya a hankali har garin ya ɓace kawai. Yawan juyi yana tayar da danƙon alkama, wanda ake nema a burodi da gurasa amma yake sa kek ya yi tauri. A gasa a obin mai zafin digiri 180, wajen minti 40 zuwa 50 gwargwadon zurfin gwangwanin.

Na san da yawa a nan ba su da obin, wasu kuma suna da shi amma wutar lantarki ba ta da alkawari. Wannan bai hana mata yin kek ɗin biki a garuruwanmu ba. A sami babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta ko ƙananan duwatsu a ƙasanta, a rufe a ɗora a wuta minti 15 ta ɗau zafi. A jera gwangwanayen a kan yashin, ko gwangwanin madara da na kifi da aka wanke aka shafa wa mai, a rufe, a rage wutar ƙasa, in da hali a zuba ɗan garwashi a kan murfin don sama ta yi ja. Gwajin zafi shi ne a barbaɗa ɗan fulawa a kan faranti a sa a ciki. In ta yi ruwan ƙasa a hankali cikin 'yan mintuna, zafin ya yi. In ta ƙone nan take, a rage wuta a jira. Kada a buɗe tukunya a minti 20 na farko, iska mai sanyi tana sa tsakiyar kek ta faɗa. Daga nan a soka tsinke, in ya fito a bushe an gama. Kun ga ko a wannan baƙon abinci, da matanmu suka karɓe shi, sai da suka nemo masa alamomi.

'Ya'yana za su ce ai yanzu akwai bidiyo, komai yana YouTube da TikTok. Ina kallo ni ma, kuma wasu 'yan matan suna ƙoƙari ƙwarai, Allah ya yi musu albarka. Amma bidiyon minti ɗaya yana yanke daidai wurin da ake buƙata. Za a nuna miki an kwaɓa, sai a nuna miki ya tashi, ba a gaya miki a wane wata aka yi ba, ba kya jin ƙanshin, ba kya taɓa taurin kwaɓin. Sannan mafi yawan abin da ake nunawa shi ne abin da ke jan ido, samosa da kek mai hawa uku. Wa zai nuna miki dambun tsakin masara irin na kakarki, ko fate-faten acca, ko yadda ake miyar zogale da gyaɗa a gidanku, wadda ta bambanta da ta maƙwabta? Abincinmu ya yi tafiya mai nisa a hannun fatake da mazauna zango, har tuwon zafi da koko da ƙosai suka zama abincin kowa a Gana, agashe ya zama na kowa a Sudan. Abin kunya ne a ce ya kai can ya zauna, a gida kuma jikokin masu shi suna neman sa a waya.

Maza da ke baya, kada ku ce ba da ku ake ba. Kilishi da tsire da balangu a hannunku suke, kuma haɗin yajin da labun kowane mahauci a kansa yake, bai rubuta ba. Ku ne kuma masu cefane. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da guba mai lahanta hanta, wadda dahuwa ba ta kashe ta, don haka in kun ga mai araha ta yi baƙi-baƙi ko tana warin rima, ku bar ta a kasuwa.

Ga roƙona, kuma aiki ne na makon nan, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace ɗaliba ta sayi littafin rubutu mai bango mai kauri. Ta je wurin mafi tsufan mace a gidansu, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Kaka, ina so ki yi mini abu kaza ina kallo." Kada ki tambaye ta awo, ba za ta iya gaya miki ba. Ki bari ta ɗebo da hannunta yadda ta saba, kafin ta zuba a tukunya ki tara kwano ki karɓa, ki auna, ki rubuta, ki mayar mata. Ki raba shafin gida biyu, dama ki sa awo, hagu ki sa alama. Duk lokacin da ta leƙa tukunya ta ce "bai yi ba", ki tambaye ta me ta gani, me ta ji a hanci, ki rubuta da kalmominta. A saman shafin ki sa sunanta, da garinsu, da watan da aka yi girkin. Sannan ki koma ki girka ke kaɗai daga takardar, ki kawo mata ta ɗanɗana, abin da ta ce ya rage ki ƙara a rubutun.

Iyayena mata, ku kuma in sun zo ku yi haƙuri da tambayoyinsu, kada ku kore su da cewa suna ɓata muku lokaci. Malamai, mu karɓi littattafan nan a ƙarshen zango mu duba su kamar yadda muke duba kowane darasi, waɗanda suka yi kyau mu nemi izinin masu su a tara a buga.

 Allah ya sa albarka a tukwanenmu, ya jiƙan iyayenmu da suka ciyar da mu.